Bajo da Kaki a Matsayin Hujjar Tarihi: Misali Daga Bagudo da Iyakar Benin

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne jawo hankalin manazarta zuwa ga wata hujjar tarihi da ba a cika kula da ita ba, wato bajon hula da maɓallan kaki da ake tararwa cikin akwatunan tsofaffi a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi. Sau da yawa magada kan ga ƙugiyar jirgin ruwa a jikin bajo, sai su yanke hukunci cewa kakansu matuƙin jirgi ne. Takardar za ta nuna cewa a wannan yanki ba a karanta bajo daidai sai an fara sanin tarihin iyakar.

2.0 Yadda Iyakar ta Samu

Garuruwan Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya, waɗanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, suna bakin ƙasar Bargu ta arewa, wadda Ingilishi da Faransawa suka yi ribibi a kanta. A 1894 Lugga ya riga Faransawa isa Nikki da 'yan kwanaki, a 1897 kuma Faransawa suka girke soja a Busa. Wannan takun saƙa ne ya sa Ingila ta umurci Lugga ya kafa Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma a 1897. Yarjejeniyar Faris ta 14 ga Yuni, 1898 ta bar Nikki ga Faransa, Busa da Illo kuma ga Ingila. Tun daga nan zuri'a ɗaya ta iya samun ɗa a sojan Ingilishi, wani kuma a sojan Dahome, ƙasar da ta koma Benin a 1975. Bugu da ƙari, Faransa ta riƙa ɗibar soja da ƙarfi, abin da ya haddasa boren Bio Gera a Bargun Dahome a 1916, ya kuma sa mutane ƙetarowa ɓangaren Ingilishi. Saboda haka gida ɗaya yana iya ajiye kayan daulolin biyu.

3.0 Alamomin Sojan Ingilishi

Bajon rundunar Lugga da aka fi sani na tagulla ne, yana ɗauke da bishiyar kwakwa, da haruffa a ƙarƙashinta. Haruffan su ne ke ba da lokaci. In an ga W.A.F.F., to an ƙera abin kafin 1928, shekarar da aka jingina rundunar ga Sarkin Ingila aka ƙara mata harafin R a farko. In kuwa R.W.A.F.F. ne, yana tsakanin 1928 da 1960, lokacin da aka rushe ta. Sai dai a lura, soja yakan ci gaba da sa tsohon bajo bayan an fito da sabo, don haka haruffan suna nuna zamanin ƙira ne kurum.

Akwai kuma alamomin ƙyalle na kafaɗa daga Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda aka kafa a 1943 suka kuma yi yaƙi a Bama, kowace da tata: ta 81 baƙin gizo ne a kan rawaya, ta 82 kuwa masu biyu ne a giciye cikin gammo. Wanda ya tarar da gizo ko gammo ya sami tabbacin rundunar da mai shi ya shiga. Alamar da ke da gaggafa da tauraro da rubutun Larabci ta Sojan Nijeriya ce ta bayan mulkin kai.

4.0 Matsalar Anga

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Anga, wato ƙugiyar da ake tsayar da jirgin ruwa da ita, ita ce alamar sojojin mulkin mallaka na Faransa, domin asalinsu a ƙarƙashin hukumar sojan ruwa suke. Rundunar da aka raɗa wa sunan 'yan bindigar Sanagal, wadda Faidherbe ya kafa a 1857, ta ɗauki mutane daga dukkan ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, har da Dahome da Nijar. Bakanden da bai taɓa ganin teku ba kafin a ɗauke shi yana iya dawowa da anga a maɓallinsa. Jar dara ma ba ta raba gardama, domin ɓangarorin biyu sun sa ta, tare da jar ɗamara.

Shin ana iya samun kayan ma'aikatan jiragen fatauci na teku a Bagudo? Ana iya samu, amma dalilai biyu suna rage yiwuwar haka. Na farko, duwatsun Busa sun tare manyan jirage daga hawowa Kwara zuwa wannan yanki, don haka sufurin ruwa ya zauna a hannun masu kwalekwale. Na biyu, kamfanoni irin su Elder Dempster sun fi ɗaukar ma'aikata daga Ikko da Firitawun ta Saliyo. Kayan matuƙa suna da tasu shaida: bajon hafsa yawanci saƙar zaren zinariya ne a kan baƙin ƙyalle, galibi da tutar kamfani ko anga a tsakiya, ga kuma ƙaramin bajon azurfa mai haruffan M.N. da Ingila ta fara rabawa a 1940. Kayan Kamfanin Jiragen Ruwa na Ƙasa kuwa ba sa wuce tsakanin 1959, da aka kafa shi, da 1995, da aka rufe shi.

In da kambi a kan bajon Ingilishi, shi ma ma'auni ne: mai kan da ya tashi a dunƙule na zamanin sarakuna maza ne, daga 1902 zuwa wajen 1953, wanda tsakiyarsa ta lotsa kuma na zamanin Sarauniya Alisabatu ne.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana ba mai bincike shawarar ya bi matakai huɗu: ya duba hoton da ke jikin bajo, ya karanta haruffa, ya juya bayansa don neman sunan maƙera, sa'an nan ya gwada da takardar sallama ko lambar yabo, in akwai. Bayan haka ya tambayi iyali daga wane ɓangaren iyaka mai kayan ya tafi. Lokaci kuwa ya ƙure, domin kusan duk waɗanda suka sa wannan kaki sun riga mu gidan gaskiya, tagullar kuma tana tafiya hannun 'yan gwangwan a kan awon kilo. Ya kamata sassan tarihi na kwalejojin ilmi su tura ɗalibai gidajen Illo da Lolo da Ka'oje su ɗauki hoton kowane bajo, gaba da baya, su rubuta sunan gidan da abin da dattawa suka tuna, su bar wa magada kayansu.