Tafiyar Yini a Kan Keke Lokacin Hunturu a Ƙasar Jibiya

Tafiyar yini a kan keke ita ce fitar da mahaya kekuna ke yi a ayari, su bar gari da safe, su ratsa karkara, su dawo gida kafin dare. A Turai ƙungiyoyi ne ke shirya ta don motsa jiki da shan iska. A Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina kuwa, tafiyar ta fi kusa da neman abinci. Masu cin kasuwa da manoman rani da ɗalibai da masu ziyarar zumunci su ne ke jeruwa a hanya. Lokacin da ya fi dacewa da ita a wannan yanki shi ne hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu.

Asali

Keke mai ƙafa biyu daidai wa daida, wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya, John Kemp Starley ne ya fito da shi a birnin Coventry na Ingila a 1885. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska. Tun kafin nan, a 1878, mahaya sun kafa ƙungiyar yawo a Harrogate, wadda ta zama Cyclists' Touring Club, yanzu kuma ake kiranta Cycling UK. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi tsarin fitar Lahadi ya samo asali: akwai jagora a gaba, akwai mai tsaron baya, ana yada zango a sha shayi, kuma ba a barin wanda ya gaji shi kaɗai a hanya. Lokacin sanyi a can na jurewa ne, domin yini gajere ne, ga ruwa ga ƙanƙara, sai a rage gudu a ɗaura fitilu.

Keke ya shigo ƙasar Hausa zamanin mulkin mallaka. Ma'aikatan En'e da malaman makaranta da 'yan kasuwa ne suka fara hawansa, kuma samfurin Raleigh ya yi suna har kamfanin ya buɗe masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka cika kasuwa. Babur mai araha ya ture keke gefe na tsawon shekaru, amma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, magidanta da yawa sun sauko da tsofaffin kekunansu sun kai wa mai gyara.

Dalilin zaɓen hunturu

A damina hanyoyin karkara kan yanke, ƙoramu su cika. A bazara, musamman Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, mahayi ba ya iya nisa bayan hantsi. Hunturu ne kaɗai ke ba da yini cikakke. A Janairu sanyin asuba a yankin Katsina kan sauko ƙasa da digiri 15, da rana kuma ya tsaya wajen 30. An kwashe gero da dawa da wake an zuba a rumbu, gonaki sun zama fili, ana hango gari daga nesa in ba hazo. Gawo ya yi ganye shar alhali sauran itatuwa sun kaɗe, shi ya sa ƙarƙashinsa ake hutawa. Manomi ma a lokacin ne yake da sarari da ɗan kuɗin kaka, kuma a lokacin ake yawan bukukuwan aure da ke sa mutanen ƙauye guda su ɗunguma zuwa wani.

Amma hunturu yana da nasa sharaɗi. Iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, tana ɗauke da ƙurar da yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Tana lafawa da asuba, ta yi ƙarfi da hantsi. Wanda ya tashi daga Katsina ya nufi Jibiya, tafiyar kimanin kilomita 45 zuwa yamma, iska na tura shi. A dawowa kuwa da ita zai yi ta kokawa, ga gajiya. Masu hankali suna lissafa wannan tun kafin su fita. A nan ne amfanin ayari ke fitowa fili, domin wanda ke bin bayan wani kurkusa yana samun kariya daga iska, a gudu mai ƙarfi har yakan rage kusan kashi ɗaya bisa uku na wahalarsa. Saboda haka ake karɓa-karɓa a gaba, mai ƙarfi ya daɗe, mai rauni ya ɗan taɓa ya koma baya.

Haɗarin da aka fi rainawa shi ne ƙishirwa. Iska a bushe take ƙwarai, gumi na bushewa nan take, mutum ba ya jin yana zufa sai kai ya fara sarawa. Dole a riƙa kurɓar ruwa ko ba a ji ƙishi ba. Ƙura kuma na jawo mura da tari da ciwon ido, tana tayar wa masu asma da ciwonsu. Mahaya kan naɗe hanci da baki da rawani ko hirami, su shafa man kaɗanya a leɓe da dunduniya saboda faso, su ɗaure ƙafar wando da roba kada sarƙa ta kama. Ranar da hazo ya yi kauri har direba ba ya ganin abin da ke gabansa sosai, barin kwalta shi ne daidai.

Hanya da abin hawa

Hanyoyin yankin iri uku ne: kwaltar da ta taso daga Katsina ta bi ta Magama ta shiga Nijar ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, sai burji, sai 'yan hanyoyin gona da burtali. Kwalta ta fi sauri, amma manyan motoci sun yi mata yawa, kuma ba a ware wa keke gefe ba. Hanyar gona ta fi kwanciyar hankali, sai dai ƙasar jigawa ce. Inda rairayi ya yi zurfi taya kan nutse, dole a sauka a tura. Keken tsere mai siririyar taya ba ya aiki a nan. Baƙin keke mai kariya, wanda ke ɗaukar buhu ko jarkoki, ko kuma mai giya da faffaɗar taya, su ne na wannan ƙasa.

Abokin gabar taya shi ne tsidau, wanda ƙayarsa ke bushewa ta warwatsu bayan kaka. Shi ya sa mai faci yake da daraja a kowace mararraba. Zai zare tib ya hura, ya tsoma shi a kwanon ruwa yana juyawa har kumfa ta nuna hujin, ya goge wurin ya kankare, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska kafin ya manna faci ya danne da babban yatsa. Ayarin da zai yi nisa da gari yakan tafi da famfo da faci da sifana. Sarƙa ma tana son kula: mai da yawa yana kama ƙura ya cinye haƙoranta, gara a wanke da kananzir a ɗiga kaɗan.

Wurin da ya fi jan ido a ƙasar Jibiya shi ne dam ɗin da aka gina a kan Gulbin Gada, ruwan da ke wucewa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi. A hunturu gonakin rani na kewayensa kore suke da alkama da albasa da tumatir da tattasai, kuma da keke ake fitar da kaya da yawa zuwa bakin hanya. Ranar Lahadi, da kasuwar Jibiya ke ci, ita ce ranar da kekuna suka fi yawa. Zango bai wuce teburin mai shayi ko wajen mai ƙosai da safe, fura da nono da rana, rake a hanyar dawowa. Gaisuwar ma ta lokacin ce: "Yaya sanyi?" a amsa, "Lokacinsa ne."

Iyaka da tsaro

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma jama'ar ɓangarorin biyu dangin juna ne. A ƙa'ida tafiyar yini ce ga mahayi mai ƙwari, har ya ratse ya ga tafkin Madarumfa. Siyasa ce ke katse ta. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Mai son tsallakawa sai ya bi ta hannun jami'an shige da fice da takardunsa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne 'yan bindigar daji. Jibiya na cikin ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, kuma ta sha hare-hare da satar mutane. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta taƙaita zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Abin takaici ne a ce karkarar da Allah Ya hore wa fili da yanayi irin wannan ta zama wurin da mutum ke fargabar zuwa gonarsa.

A matsayin wasa, keke na ƙarƙashin Hukumar Tseren Kekuna ta Nijeriya, akwai kuma filin tsere da aka gina a Abuja don wasannin Afirka na 2003. Ese Ukpeseraye ce ta fara wakiltar ƙasar a tseren keke na Olamfik, a Paris a 2024. Burkina Faso, mai yanayi irin namu, tana gudanar da Tour du Faso tun 1987, galibi a ƙarshen Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa.

Matasan da ke son shirya irin wannan fita a ƙasar Jibiya su fara da tambayar mai gari da jami'an tsaro halin da hanya ke ciki a ranar, su tsaya kan hanyoyin da jama'a ke bi, su sanar da gida inda suka nufa, su kuma juyo da wuri yadda la'asar za ta same su a cikin gari.