Sanƙarau: Yadda bincike ya samar da allurar rigakafi

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Ta fi yaɗuwa a lokacin rani, a wani yanki na ƙasashe 26 da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, wanda ya haɗa da arewacin Najeriya da Nijar.

A annobar shekarar 1996, mutane fiye da 250,000 ne suka kamu a yankin, kimanin 25,000 kuma suka rasu.

Gano cutar da maganinta

Alamominta sun haɗa da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sandarewar wuya. Likitoci kan tabbatar da ita ne ta hanyar zuƙo ruwa daga ƙashin bayan majinyaci, a duba irin ƙwayar cutar da ke ciki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su ceftriaxone na warkar da ita idan an gaggauta, amma wasu da suka tsira kan kurumce.

A lokacin annobar ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi amincewarsu ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Ƙa'idar binciken lafiya ita ce, ba a sa kowa cikin gwaji sai an yi masa bayani ya yarda.

Matakan gwaji

Tsohuwar allurar rigakafi ba ta kare ƙananan yara sosai, kuma ƙarfinta kan ragu bayan 'yan shekaru. Don haka a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka fara neman sabuwa, domin nau'in A, wanda shi ne ke haddasa mafi yawan annobar a wancan lokacin.

A 2005 aka fara gwada ta a kan manya a Indiya, don a ga ko tana da illa. Daga nan aka gwada ta a kan yara 601 a Mali da Gambiya, aka auna garkuwar da ta gina a jikinsu, aka kwatanta da ta tsohuwar allura, sabuwar kuma ta fi.

Kamfanin Serum na Indiya ya sarrafa ta da sunan MenAfriVac, a kan ƙasa da rabin dala kowace allura. An fara yin ta a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, sannan Najeriya a 2011.

Sakamako

Wani bincike a Chadi ya nuna cewa a 2012, yawan masu kamuwa a yankunan da aka yi rigakafi ya gaza na sauran yankuna da kashi 94 cikin 100.

Sai dai allurar ba ta kariya daga sauran nau'o'in. Nau'in C ya yi ɓarna a Nijar a 2015, da Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, wadda ke kariya daga nau'o'i biyar.