Tayi a Kan Tayi: Tarihin Zawarcin 'Yan Wasa da Iyakar Albashi a Gasar Hoki

Duk wanda ya san noman rani a Kura, Bunkure da Garun Malam ya san cewa ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana da iyaka: idan na bakin magudana ya sha fiye da rabonsa, na ƙarshen layi ne zai kwana da busasshiyar gona. Ya kuma san abin da ya biyo bayan buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016. An gina ta don sarrafa tan 1,200 a kullum, amma ta sha tsayawa, saboda tsutsar da ta cinye gonaki a wannan shekarar, da kuma saboda manomi yakan kai kwandonsa inda tayi ya fi tsoka. Waɗannan abubuwa biyu, wato dukiya mai iyaka da tayin da ke shigowa daga waje, su ne tushen wata muhawara da aka shafe sama da shekara 30 ana yi a wata sana'a mai nisa: wasan hoki na kan ƙanƙara a Amurka da Kanada.

Yadda dokar take

Gasar NHL, wadda aka kafa a 1917, tana da ƙungiyoyi 32 a yau. Matashin ɗan wasa da kwantiraginsa ya ƙare ba ya samun cikakken 'yancin tafiya nan take. Wata ƙungiya tana iya miƙa masa takardar tayi, shi kuma ya sa hannu, amma ƙungiyarsa ta asali tana da kwana bakwai ta yanke shawara. Ko dai ta amince ta biya daidai abin da aka taya, ta riƙe ɗan wasanta, ko ta sallama shi ta karɓi diyya. Diyyar ita ce gurabun zaɓen sababbin matasa da ake yi kowace shekara, kuma yawanta yana ƙaruwa gwargwadon girman albashin. Masu sanin fiƙihu za su ga kamanninsa da shuf'a, inda abokin tarayya yake da haƙƙin karɓar rabon da aka sayar a kan farashin da baƙo ya biya.

Zamanin da aljihu ke magana

A 1990 ƙungiyar St. Louis ta taya Scott Stevens na Washington fiye da dala miliyan 5 na shekara huɗu, kuɗin da ya girgiza gasar a lokacin. Washington ta sallama, daga ƙarshe ta samu gurabu biyar a zagayen farko na zaɓen matasa. Shekara guda bayan haka St. Louis ta sake zawarcin Brendan Shanahan na New Jersey. Da aka kasa daidaitawa a kan diyya, sai alƙalin sasanci ya yanke cewa Stevens ɗin nan shi ne diyyar. Ya koma New Jersey, ya jagorance ta ta ɗauki kofin Stanley a 1995 da 2000 da 2003. Garin neman gira, St. Louis ta rasa ido.

Daga nan masu kuɗi suka gano cewa makamin yana cikin yadda aka tsara biyan. A 1997 New York Rangers ta taya Joe Sakic na Colorado dala miliyan 21 na shekara uku, amma miliyan 15 daga ciki kuɗin kafin alƙalami ne da za a biya nan take. Manufar a fili take: a nemi tsabar kuɗin da ake zaton abokiyar hamayya ba ta da shi a hannu. Colorado ta yi ta maza ta biya. A farkon 1998 Carolina ta taya Sergei Fedorov na Detroit dala miliyan 38 na shekara shida, tare da sharaɗin biyan miliyan 12 a dunƙule idan ƙungiyarsa ta kai matakin kusa da ƙarshe, abin da Detroit ce ake sa ran za ta yi. Detroit ta amince, ta ɗauki kofi, Fedorov kuma ya karɓi miliyan 28 a kakar wasa ɗaya.

Shekarar da ba a yi wasa ba

Hauhawar albashi ta kai masu ƙungiyoyi bango. A 2004 suka rufe filaye, suka ce ba za a koma wasa ba sai an ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe. Ƙungiyar 'yan wasa ta ƙi. A Fabrairun 2005 shugaban gasar, Gary Bettman, ya soke kakar gaba ɗaya, karo na farko tun 1919 da ba a ba kowa kofin Stanley ba. Da aka sasanta, an sa iyakar albashi a dala miliyan 39 ga kowace ƙungiya, an kuma rage kashi 24 cikin 100 na kwantiragin da ke ƙasa. An ɗaure iyakar da kuɗin shigar gasar, kuma abin da ake lissafa wa ƙungiya shi ne matsakaicin albashin ɗan wasa a tsawon kwantiraginsa.

Da kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. A dā ana tambayar wa ya fi kuɗi. Yanzu tambayar ta koma wa ke da sauran gurbi a ƙarƙashin iyaka. A 2007 Edmonton ta taya Thomas Vanek na Buffalo miliyan 50, Buffalo ta biya. Ta juya kan Dustin Penner na Anaheim da miliyan 21.25 na shekara biyar, Anaheim ta kasa. Manajan Anaheim, Brian Burke, ya fito fili ya caccaki takwaransa Kevin Lowe, yana zarginsa da tsauwala farashin matasa ga kowa.

Lissafin matsakaici ya buɗe wata ƙofa: a tsawaita shekaru, a tara kuɗin a farko, a bar 'yan canji a ƙarshe. A 2010 gasar ta soke kwantiragin shekara 17 da New Jersey ta ba Ilya Kovalchuk saboda wannan dabara. A 2012 Philadelphia ta taya Shea Weber na Nashville miliyan 110 na shekara 14, miliyan 68 daga ciki kuɗin kafin alƙalami. Nashville, wadda ba ta cikin masu ƙarfin aljihu, ta daure ta biya, amma a 2016 ta musanya shi da wani ɗan wasa na Montreal. Yarjejeniyar 2013 ta taƙaita kwantiragi zuwa shekara bakwai ga baƙo, takwas ga ɗan gida.

Abin da ake jayayya a kai

Masu adawa da irin wannan tayi suna cewa yakan ci tura: mafi yawan lokuta ƙungiyar asali tana biya, sai mai tayi ya tashi da ƙiyayya kawai, farashi kuma ya hau wa kowa. Suna kafa hujja da abin da ya faru tsakanin Montreal da Carolina. A 2019 Montreal ta taya Sebastian Aho, Carolina ta biya. A 2021 Carolina ta taya Jesperi Kotkaniemi na Montreal kusan miliyan 6.1 na shekara ɗaya, ta sa kafin alƙalami dala 20 kacal, wato lambar rigar Aho. Montreal ta sallama. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma tsoron ramuwar ne ke sa manajoji kame hannu.

Masu goyon baya suna cewa wannan kame hannun shi ne matsalar. Idan manajoji suka fahimci juna cewa ba wanda zai taɓa ɗan wasan wani, matashi ne ke asara, domin takardar tayi ita ce kusan hanya ɗaya da zai san darajarsa a kasuwa. Hujjarsu ta yi ƙarfi a Agustan 2024. Edmonton, wadda ta kai wasan ƙarshe a watan Yuni, ta cika gurbinta da manyan albashi. Sai St. Louis ta taya matasanta biyu a rana ɗaya, Philip Broberg da Dylan Holloway, ta kuma tsara kowane tayi ƙasa kaɗan da matakin da diyya za ta ƙaru. Edmonton ta rasa duka biyun, ta karɓi gurabu a zagaye na biyu da na uku.

Tarihin ya nuna cewa tayin waje yana cin nasara ne a kan wanda ya riga ya ƙure kansa. Ƙungiyar da ta biya matashinta da wuri, ko ta bar rara a lissafinta, ba ta da abin tsoro, kamar yadda mai saye da ke biyan manomi farashi mai kyau a kan kari bai cika rasa kaya ba. An ɗaga iyakar zuwa miliyan 95.5 a kakar 2025 zuwa 2026, bayan shekarun da annobar korona ta tsayar da ita a 81.5. Ƙarin ya ba masu zawarci abin tayi, ya kuma ba masu gida abin kare kansu, saboda haka muhawarar tana nan daram.