Kurmin Oban, Jiya Da Yau

Mu mazauna Bogobiri a Kalaba mun sha jin dattawa na cewa ba fatauci kaɗai ya kawo Hausawa kurmi ba. Wasu maharba ne, hauren giwa suka biyo tun wajen ƙarshen ƙarni na 19. To, a 1991 gwamnatin tarayya ta mai da kurmin Oban da na Okwangwo gandun daji na ƙasa, aka haramta farauta. Yanzu sai da ɗan jagora ake shiga. Baƙi kan taso tun daga Turai, su gangara matakala fiye da 200 don ganin mafaɗar ruwan Kwa a Akamkpa. Mu kuwa da ke kusa, yawancin yaranmu ko hanyar ba su sani ba, wai tsoron maciji.