Kalmomin Sake Farawa a Hausa: Misali Daga Tarihin Karaye da Rogo

Hausa tana da kalmomi da dama na komawa ga abin da aka taɓa yi, amma ba ma'anarsu ɗaya ba. A wannan maƙala za a duba wasu daga cikinsu, sa'an nan a gwada su da tarihin ƙasar Karaye da Rogo.

Uwar waɗannan kalmomi ita ce "sake". Tana ɗauke da ma'ana biyu, watau maimaitawa da canzawa. Wanda ya sake gini ya maimaita aiki, wanda kuwa ya sake riga ya canza ta. Saboda haka in Bahaushe ya ce "da sake", yana nufin a koma farko, amma kada a bi hanyar da aka bi dā. "Ƙara" da "daɗa" ba haka suke ba, domin ɗori ne a kan abin da ke tsaye.

Kowace sana'a kuma da tata kalmar. Manomin da ya yi shuka ruwa ya ɗauke, iri ya ƙi tsira, sai ya yi "maishi", watau ya mai da iri a guraben da suka mutu, ba gonar duka ba. Ɗan kasuwar da jarinsa ya karye yana neman "ta da komaɗa", kamar yadda ake buga kwanon da ya lotsa ya miƙe. Matar da ta koma gidan mijin da ya sake ta, ta yi "kome". Malamai kuwa sun aro "jaddada" daga Larabci, shi ya sa ake kiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Mujaddadi: bai zo da sabon addini ba, wanda ya tarar ya sabunta. Duk waɗannan kalmomi suna tabbatar da cewa akwai asalin da ake komawa gare shi.

A nan ne tarihin Karaye ya zama abin lura. Garin tsoho ne, domin Tarihin Kano ya ambace shi tun zamanin Sarki Yusa, a ƙarni na 12. A watan Mayu na 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ɗaga Karaye da Bichi da Rano da Gaya suka zama masarautun yanka. Nan take muhawara ta koma kan aikatau. Masu goyon baya suka ce an "maido" ko an "farfaɗo" da masarauta, masu suka kuwa suka ce an "ƙirƙiro" ta. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ba a farfaɗo da abu sai wanda ya suma da ransa, ba a kuma maido da abu sai mai shi. Wanda ya zaɓi ɗayan kalmomin ya riga ya yanke hukunci a kan tarihi.

A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar rushe masarautun, aka kuma "maido" da Muhammadu Sanusi II gadon sarautar Kano. Kalmar ba ta canza ba, masu furta ta ne suka canza. A watan Yuli na shekarar aka sake kafa masarautar Karaye, amma mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kaɗai a ƙarƙashinta. A nan "sake" ta fito da ma'anoninta biyu gaba ɗaya: an maimaita, an kuma canza.

Abin da ya kamata manazarci ya kiyaye ke nan, musamman mai tattara tarihin baka a wannan yanki. In dattijo ya ce an "maido" da wani abu, sai a tambaye shi: daga ina, kuma wa ya karɓe shi tun farko? Sau da yawa tarihin yana cikin amsar.