Yadda za a kula da na'urar tafiya ta gida ta daɗe a zafin Makka

A unguwar Tandabawi da ke birnin Makka, inda zuriyar Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma suka daɗe da zama, fita tattaki da rana a lokacin bazara kasada ce. Zafi kan haura digiri 45, kuma a watan Yunin 2024 an auna digiri 51.8 a harabar Masallacin Harami. Shi ya sa wanda likita ya umarta da yin tafiya saboda ciwon suga ko hawan jini yakan koma ga na'urar tafiya ta lantarki, wadda Larabawan ƙasar ke kira sair.

Sai dai zafi da ƙurar da suka tilasta wa mutum motsa jiki a cikin ɗaki su ne kuma ke rage wa na'urar kwana.

Yawancin lalacewar da ake gani daga wuri guda take farawa, wato gogayyar da ke tsakanin bel ɗin da ake takawa da katakon da ke ƙarƙashinsa. Kowane taku yana danne bel a kan katako, inji kuma yana jan sa. Idan akwai santsi a tsakaninsu, aikin ba ya wahalar da inji. Idan wurin ya bushe, ko ƙura ta shiga ta zama kamar yashi, sai inji ya riƙa jan wuta fiye da ƙima, ya yi zafi, daga nan allon lantarkin da ke sarrafa gudunsa ya ƙone. Mai na'ura kan ɗauka inji ne marar ƙwari, alhali kuwa ɗan mai kawai ya rasa.

Man da ake nufi shi ne na silikon zalla. Baƙin mai na mota, ko giris, ko man feshi irin WD-40, duk suna cinye cikin bel ɗin, kuma suna iya ɓata garanti. Kamfanoni da yawa suna ba da shawarar a sa man duk bayan kamar wata uku, amma littafin na'urar ne abin bi, domin akwai waɗanda aka shafa wa kakin musamman tun daga masana'anta, ba sa son ƙarin komai. Gwajin ba shi da wuya: a cire filogi daga soket, a zura hannu ƙarƙashin bel. Idan yatsa ya fito a bushe, lokaci ya yi. A ɗaga gefen bel, a zuba man a tsakiyar katako, sannan a kunna a hankali na wasu mintuna domin ya bazu. Yawan mai ma illa ne, yana sa bel zamewa.

Ƙura ita ce ta biyu, kuma a tsakiyar Makka, inda rushe-rushe da gine-gine ba sa yankewa, ba baƙuwa ba ce. Fankar injin tana zuƙo duk abin da ke ƙasa, har da gashin kafet. Shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashi, da share wurin kowane mako, da lulluɓe na'urar idan an gama, suna rage matsalar ƙwarai. Lokaci-lokaci kuma a buɗe murfin injin a zuƙe ƙurar, amma sai an cire wuta an jira ɗan lokaci, domin wasu sassan na riƙe caji. Takalmin da aka taka titi da shi kada ya hau bel. Gumi kuwa gishiri ne, yana sa ƙarfe tsatsa, don haka a goge shi da tsumma mai ɗan laima, ba a fesa ruwa a kan allon ba.

Gidajen tsofaffin unguwanni ba su cika yalwa ba, sai wasu su kai na'urar saman rufi ko baranda. Wannan kuskure ne mai tsada, domin rana na busar da man, tana kuma fasa roba. Ɗaki mai sanyi ya fi.

Idan bel ya karkata gefe guda, akwai noti biyu a bayan na'urar. Ana ɗaure na ɓangaren da ya karkata da kwata ɗin juyi kawai, a jira a gani. Ɗaurewa da yawa na kashe boris.

Batun wuta na buƙatar lura ta musamman. Saudiyya ta daɗe tana sauyawa daga tsohon tsarin bolt 127 zuwa 230, don haka a tsohon gida ya kamata a tabbatar da abin da soket ke bayarwa kafin a jona. Na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka ta bolt 120 ce, kuma za ta ƙone idan aka jona ta kai tsaye a soket mai bolt 230. A ba ta soket nata ita kaɗai, kada ta yi tarayya da na'urar sanyaya ɗaki. Mai niyyar aika ta Kano ko Maraɗi ya duba ko an rubuta 50/60Hz a jikinta, domin Saudiyya na amfani da 60, Najeriya da Nijar kuma 50, sannan ya tanadi sitabilaiza.

A gidan da ke da yara, cire ɗan makullin tsaro da ɓoye shi bayan an gama wajibi ne. A watan Mayun 2021 kamfanin Peloton ya janye samfurinsa na Tread+ a Amurka bayan mutuwar wani yaro da jikkatar wasu da dama da bel ya ja zuwa ƙarƙashin na'urar. Ana kuma so a bar sarari kamar mita biyu a bayanta, kada wanda ya zame ya maƙale tsakanin bango da bel mai gudu.