KORONA DA MAKAƊAN DA BA SU CIKE FOM BA

Jiya na haɗu da wani maƙwabcinmu mai kalangu, yanzu ɗan sahu yake ja. Sai ya tuna min da 2020, shi ya sa na ce bari na ɗan rubuta wannan.

Kun tuna ran 16 ga Afrilu aka kulle Kano. Mu ma'aikata an ce mu zauna gida, amma ƙarshen wata alat zai shigo. Makaɗi fa? An hana taron biki, azumi ya shigo, Sallah ta zo babu hawa. Mutumin da abincinsa ke hannun 'yan liƙi sai ya wayi gari ba ko sisi.

Jama'a, a da makaɗi ba ya rasa uban gida. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, ga doki ga riga ga hatsi. Shata kuwa attajirai da direbobi da 'yan siyasa ne suka riƙe shi. Ko an yi fari, wanda kake wa waƙa ya san da zamanka. Da wannan tsari ya yi rauni sai gwamnati ta shigo, ita kuma sai da takarda take ganin mutum.

Tun 2013 Jonathan ya ware naira biliyan 3 don harkar fim. A 2019 Babban Bankin Najeriya da kwamitin bankuna suka fito da nasu shirin na fim, waƙa, ɗinki da fasahar kwamfuta. To amma bashi ne, ba kyauta ba, da ruwa kashi 9 cikin ɗari, aka rage zuwa 5 da korona ta zo. Sai ka rubuta tsarin kasuwanci ka kai banki. Fisabilillahi, mai kukuma a Shinkafi wane tsarin kasuwanci zai rubuta? Ga maganar kuɗin ruwa, wadda mutanenmu da yawa ba za su taɓa ba ko da yunwa za ta kashe su.

A watan Mayun 2020 Lai Mohammed ya kafa kwamiti ƙarƙashin ɗan barkwanci Ali Baba. A Yuli aka miƙa babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Legas ga bankuna su gyara. Ban ce laifi ba ne. Daga baya aka zo da tallafin naira dubu 30 ga masu sana'ar hannu, shi ma da BVN da rajista. Ni aikin ofis nake yi, na san yadda jerin sunaye ke tafiya: wanda ba ya cikin ƙungiya mai rajista, sunansa ba zai hau tebur ba. Maƙwabcina ko asusun banki ba shi da shi a lokacin.

'Yan Kannywood su suka ɗan samu mafita, kuma ba daga Abuja ba. Kasuwar faifai ta riga ta mutu, sinima a rufe, sai suka koma fim mai dogon zango. A shekarar aka fara Izzar So a YouTube, Labarina kuma a Arewa24. Mutane na zaune a gida da waya a hannu, masu kallo suka yi yawa har Nijar da Ghana.

Amma wannan hanya sai mai kyamara da data. Maƙwabcina ya sayar da kalangunsa guda biyu kafin Babbar Sallah. Jiya na tambaye shi ko zai koma, ya ce yaran yanzu DJ suke kira.